Jakadan Mai Aski

Ranar ɗaya ga kowane wata, Ikebata Tomeji ba ya buɗe shagon askinsa sai tara da rabi. In ya gama karin kumallo sai ya wanke hannu har gwiwa, ya shiga ɗan ɗakin da ke bayan shago, ya yaye zanen da aka lulluɓe kwamfuta da shi, ya durƙusa a gabanta. Zai zura faifai, ya jira ta gama tari da ƙugi. Daga nan ya danna maɓallin da ke buɗe sabon wata, ya karanta labaran da suka iso, ya ba da umarni ɗaya ko biyu, ya adana, ya kashe. Shi ke nan sai wani watan. Mutanen Furukawa sun saba. Mai son aski ranar ɗaya yakan fara zuwa wani uzurin tukuna.

Kwamfutar ta ɗansa ce. Ya bar ta ne a 1989 da ya sami aiki a Nagoya, tare da wani wasa na zamanin yaƙe-yaƙen samurai, mayaƙan Japan na dā, lokacin da kowane lardi ke da sarkinsa, kowane sarki kuma idonsa na kan gonar maƙwabcinsa. Mutum zai zaɓi sarki ɗaya, ya noma shinkafa, ya tara mayaƙa, ya riƙa cin lardi bayan lardi har taswira ta zama launi ɗaya. Kowane zagaye wata guda ne a cikin wasan. Yara kan cinye shekara ashirin tsakanin abincin rana da na dare.

Tomeji ya ce shi bai gane wannan lissafin ba. "Wata guda ai kwana talatin ne. Ta yaya zan shuka shinkafa in girbe ta kafin shayina ya huce?"

Haka yake tun yana saurayi. Ubansa mai saran itace ne a kan duwatsu, shi kuma ya koyi aski a Takayama, inda maigidansa ya ce bai taɓa ganin yaro mai nawa irinsa ba, bai kuma taɓa ganin wanda bai ƙwarzane kunnen kowa ba sai shi. Gyaran gemu kaɗai kan ɗauke shi rabin sa'a. Masu sauri sun bar shi tun da wuri. Waɗanda suka rage kuwa, a kujerarsa suka yi furfura.

Cikin sarakunan wasan sai ya zaɓi na Hida, wato na gida, wanda ba wanda ke zaɓa. Lardi ne mai duwatsu da itace da dusar ƙanƙara, mayaƙansa ba su kai cikin kasuwa ba. Manyan sarakuna kan wuce shi kamar yadda ake wuce kututture a bakin hanya.

A tsallaken titi akwai Hanzawa mai awara, abokinsa tun firamare. Shi ma ya sayi wasan, ya cinye ƙasar duka cikin kwana uku. Ya sake, ya sake, har sau bakwai. Duk ranar ɗaya ga wata sai ya bar tukunya ya zo kallo.

"Wanzami, yau me aka yi? An gina madatsa?"

"An gyara ta bara."

"Kai, jarumi! Shekara biyar kana sarauta ba ka ci ko akurkin kaji ba. Da ni ne mayaƙanka da na koma sayar da awara."

"Da sun rame," in ji Tomeji. "Awararka duk ruwa ce."

A arewa da Hida, bayan an gangare duwatsu, akwai lardin bakin teku. Sarkinsa a wasan ɗan hoto ne da bai fi kan sarki na wasiƙa ba: gira mai kauri, baki a turɓune. Matar Tomeji, Chiyono, 'yar can ce, daga Himi, 'yar masunci. Ranar farko da ta kawo shayi ta ga hoton, sai ta tsaya: sak mahaifinta. Ta dubi hoton, ta dubi mijinta. Ya ƙura wa taswira ido kamar bai san ta shigo ba. Ta ajiye shayin.

Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ranar da ka kai wa garinmu yaƙi, ka fara koyon girki."

"Wa ya yi maganar yaƙi?"

Ba yaƙi yake so ba. A ƙarƙashin hoton akwai lamba da ke nuna amanar da ke tsakanin sarakunan biyu, daga sifili zuwa ɗari. Tasa goma sha ɗaya ce. In ta yi sama sosai, ana iya aika jakada a nemi ƙawance, sarkin ya ce to ko ya ce a'a. Wannan "to" ɗin Tomeji yake nema, daga bakin mai girar nan, ba wani ba.

Tsofaffin unguwa ba su tambayi dalili ba, don sun ci kifin.

A Himi, ƙarshen shekarar farko ta aure, uban amarya kan aika wa surukinsa babban kifin teku da suke kira buri, guda cur, shi kuma ya tsaga ya mayar da rabi. A bakin teku ko yaro ya san haka. A kan dutse ba wanda ya gaya wa Tomeji, Chiyono kuma tana gidan iyayenta wajen haihuwar fari. Kifi ya iso, tsawonsa ya kai hannun mutum. Don murna ya tara layi duka. Aka ci ɗanye, aka gasa, aka yi miya da wani farin tushe mai kama da karas. Hanzawa ne ya cinye wuyan. Sannan Tomeji ya zauna ya rubuta wasiƙar godiya da kyakkyawan rubutu, ya ce kifin ya yi daɗi ƙwarai, ko ƙaya da ƙyar ta rage.

A can kuwa surukin ya wasa wuƙa, ya gayyaci 'yan'uwa, ana jiran rabin kifi.

Tsohon bai taɓa ta da zancen ba. Da shekara ta zagayo Tomeji ya sayi rabin kifi ya aika, aka amsa da cewa an gode, akwai kifi a nan. Shekara goma sha tara yana zuwa Furukawa ganin jikoki, yana gaisawa da surukinsa cikin ladabi, kuma kullum da sabon aski yake isowa. Ya rasu bai taɓa zama a kujerar ba.

To, sai kyaututtuka. Hida ba ta da abin hannu, sai bayan girbi ake samun abin aikawa. Wata shekara katako, wata shekara kwanon shayi. Amsa ba ta canzawa: "An karɓa." Lamba ta ƙaru da bakwai, kafin wani girbin ta ragu da biyu. Da kaɗan-kaɗan Chiyono ta daina fita bayan ta ajiye shayi.

"Kada ka aika doki," in ji ta wata rana. "Me masunci zai yi da doki?"

"Sarki ne fa, ba masunci ba."

"Ka dubi girarsa da kyau. Aika gishiri ma ya fi."

"Gishiri? Ga mutanen teku?"

"Af. To aika katako, su yi jirgi."

Ya aika katako. Lamba ta ƙaru da tara. Chiyono ta yi mako guda tana tafiya kamar ita ta ci yaƙi.

A bazarar 2003 lamba ta kai saba'in da ɗaya. Ranar ɗaya ga watan shida, Tomeji ya buɗe wata ke nan sai aka buga ƙofar shago. Wani ne zai aurar da 'yarsa da hantsi, gemu ya yi masa yawa. Ya tashi ya bar kwamfuta a kunne, ya bar Hanzawa a gabanta. Da ya dawo sai ya tarar da abokinsa yana share gumi da hular aiki.

"Taimakonka na yi," in ji Hanzawa. "Na ga mutanen bakin teku sun kwashe mayaƙa sun yi gabas, ganuwarsu ba kowa. Na ce shekara goma sha huɗu ana roƙon mutum ɗaya, haba..."

Mutum ɗari takwas ya tura. An kore su tun daga gindin dutse, saura ɗari biyu suka dawo. Lamba ta koma shida.

"Tsaya, tsaya, ba a adana ba tukuna. Kashe ta kawai ka sake kunnawa. Kamar ba a yi ba."

Tomeji ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya sa yatsa ya adana.

"Kai mahaukaci ne?"

"An yi," in ji shi. "Ya riga ya gani."

Chiyono ta yi shekara guda tana sayen awara a babban kanti, tana wucewa da ita ta ƙofar Hanzawa cikin leda mai haske. Tomeji bai yi faɗa ba. Sai dai a watan da ya biyo, Hanzawa ya fito daga shagon da saje ɗaya ya fi ɗaya tsawo, daga hannun mutumin da bai taɓa kuskure ba. Ya yi yawo da shi haka har ya tofo. Bayan nan ya ci gaba da zuwa kallo, amma yana zama a kan hannuwansa.

Aka koma farko. Katako, kwanon shayi, katako. Kwamfutar ta mutu sau biyu, ɗansa ya yi ta yawon shagunan tsofaffin kaya a Nagoya yana nemo mata kayan ciki. Ya kawo wa uban sabon wasa mai dawakai kamar na gaske da kiɗa mai tsuma jiki. Tomeji ya yaba ƙwarai, ya ɗora kwalin a kan kanta kusa da man gashi.

Sai dai mutanen cikin wasan ma suna tsufa. Sarkin Hida ya mutu, ɗansa ya hau. Mai gira, wanda aka fara da shi yana da hamsin da ɗaya, ya haura saba'in, ya doshi tamanin. Duk sarkin da ya mutu, labarinsa kan zo kewaye da baƙin layi a farkon wata. Tomeji ya koma runtse ido ɗaya in zai danna maɓalli.

"Bar mai gira ya mutu mana," in ji Hanzawa. "Ɗansa mai sauƙin kai ne, na san shi, sau bakwai ina cin garinsu. Kwano ɗaya ya ishe shi."

"Ba da ɗan nake da magana ba."

Sau biyu ya aika jakada, lokacin da lamba take tamanin da kuma lokacin da take tamanin da takwas. Sau biyu aka ce, "Lokaci bai yi ba," lamba ta ragu da biyar. A karo na biyun Chiyono ta nuna hoton da cokali ta ce, "Haba dai, ya isa haka nan!" Sai kuma ta ji kunya ta fita.

Ranar ɗaya ga watan goma sha biyu na 2019, labari mai baƙin layi bai zo ba. Mai gira yana da tamanin da ɗaya, lamba tana casa'in da bakwai. Tomeji ya tashi ya sako baƙar rigar da yake zuwa biki da ita. Ya duba fadawansa na cikin wasan ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wani tsoho da bai iya riƙe mashi ba amma ya iya magana. Ya ba shi saƙo, ya sa shi a hanya. Amsa sai an buɗe sabon wata. Ya adana.

Hanzawa ya kusa kuka. "Tome, don girman furfurarmu. Maɓalli ɗaya ne. Danna mu ji, ba wanda zai sani."

"Mutum ya tashi yanzu-yanzu. Ka san hanyar nan da sanyi? Ko gindin dutse bai kai ba."

"Ni tamanin da biyar gare ni, ba ni da kwana talatin na jira!"

"Ka rage cin gishiri," in ji Tomeji, ya mayar da zane.

Watan nan an gan shi cikin raha. Ya yi wa layi duka askin sabuwar shekara da wuri, har yana 'yar waƙa a hanci. Ranar ashirin da biyu ga wata, bayan abincin rana, ya hau kujerar askin ya kishingiɗa da jarida a fuska, kamar yadda yakan yi in ba kowa. Chiyono ta kira shi shan shayi sau biyu. A na uku ta zo da kanta.

Hanzawa ya daure har aka yi kwana arba'in da tara da rasuwar Tomeji, aka gama makoki. Washegari ya zo da awara biyu a kwano, ya zauna a bakin ɗan ɗakin, yana satar kallon zanen.

"Uwargida... na iya kunna ta fa."

"Na sani. Mun ga aikinka."

"Wancan daban. Wannan dannawa ɗaya ce. Ba ki son ki ji?"

"Maigida ne ya aika. Ni shayi kawai nake kawowa."

Hanzawa ya sosa ƙeya. "To ke da kika san mutanenku, me kike gani mai gira zai ce?"

Chiyono ta ɗaga awara ɗaya ta duba ta ta ko'ina, ta ce wannan karon ba laifi. Sannan ta yi gyaran murya, ta haɗa gira, ta turɓune baki, har Hanzawa ya gyara zama ba shiri.

"Zai bar jakadan a durƙushe har ƙafarsa ta mutu," in ji ta. "Sannan ya tambaye shi, wai mutanen dutse ba sa sanya rigar kirki ne da sanyin nan? Ya sa a kawo masa miya."

"To wannan 'to' ne ko 'a'a'?"

"Kai dai ci gaba da awararka."

Faifan yana nan cikin kwamfutar, ba a zare shi ba. Jakadan yana kan hanya.