Rigar da Muka Ɗinka wa Inji

Shekarun baya, a wata shekara da damina ta yi kyau har ciyawa ta kai ƙugun mutum a dajin da ke arewa da Dakoro, yayana ya sauke mana wani ƙaton akwati daga kamiyo, babbar motar kaya. Shi fatauci yake yi tsakanin Maradi da Nijeriya, kuma mutum ne da ba ya ganin sabon abu ya wuce. Cikin akwatin injin yankan ciyawa ne, irin wanda ake hawa a tuƙa kamar ƙaramar mota. Dabararsa ita ce mu yanki ciyawa da kaka, mu tara, mu sayar wa masu dabbobi da bazara.

Ni aka damƙa wa shi, tunda ni ne na yi lakwal, wato makarantar boko, a gidan. Kwana biyu na yi a tsakar gida ina haɗa shi, littafinsa na Faransanci buɗe a kan tabarma. Na ɗaura ƙafafu, na kafa kujera, na jona batir, na zuba baƙin mai da esansi, wato fetur. Da na murɗa makulli ya tashi, kaji suka watse, akuyarmu ta tsinke igiya. Ranar nan ko direban jirgin sama bai kai ni jin kai ba.

To mu a gidanmu, abu mai daraja ba ya zama tsirara. Rediyo da rigarta, hatta butar shayi tana da tata. Mahaifiyata ta zagaya injin nan ta ce, "Haka za ka shiga daji da shi, rairayi na shiga cikinsa?" Ta samo tsohon bargo da buhu ta ɗinka masa riga, ni kuma na ɗaure ta tamau da igiya, ta rufe kan injin har kusa da bututun hayaƙi. Littafin ya faɗa wuri biyu cewa kada a rufe shi, kuma a kakkaɓe ɓurɓushin ciyawa bayan kowane aiki. Na karanta, na gane sarai. Na ce wanda ya rubuta bai san rairayin Dakoro ba.

Kada ku ce ban kula da shi ba. Kullum da safe ina goge shi har in ga fuskata a jikin fenti. Ina duba mai, ina wanke buji, wato fulogi, ina kai wuƙarsa wurin maƙeri a wasa. Rigar ce kawai ban taɓa kwancewa ba, don ɗaurin ya yi mini kyau.

Ina da wani aboki Bafulatani, tare muka tashi, mahaifiyarsa ce ke kawo mana nono tun muna yara. Garkensa na kusa da wata rijiya a hanyar Tagriss, kuma akwai wani kwari mai ciyawa da yake hana shanunsa shiga, yana tanadinsa don bazara. Duk shekara shi da ƴan'uwansa kan share hanya mai faɗi su zagaye kwarin da ita, don in gobarar daji ta taso ta tsaya a nan. Aikin makonni ne da fartanya da manjagara. Ya zo ya same ni ranar kasuwa ya ce, "Aboki, wanga dokin ƙarfe naka ba ya yi mana aikin nan ba?" Na ce kwana ɗaya ya yi yawa.

Muka ɗora injin a amalanke muka tafi. Hantsi ya yi, na ci kusan rabin aikin, na tsaya shan ruwa. Abokina ya sunkuya ya shinshina, ya ce, "Ina jin ƙauri fa." Na yi dariya na ce ai shi warin saniya kaɗai hancinsa ya sani. Ya yi murmushi ya ja baya. Na sake hawa.

Ashe ciyawar makonni ta cushe a ƙarƙashin rigar, ta bushe a jikin ƙarfe mai zafi. Rana na tsaka ta kama da wuta. Ni ban sani ba, ƙarar inji ta cika mini kunne, idona na gaba. Ɓurɓushin wuta na zuba a bayana, a kan ciyawar da na yanke, iska kuma na kaɗa ta cikin kwarin. Daga nesa na hango abokina yana gudu, ya ɗaga hannu biyu sama. Na ɗauka jinjina yake yi mini. Wallahi na ɗaga masa hannu, har da washe baki, na ci gaba da tuƙi. Sai da na ji zafi a ƙaurina na waiwaya na diro.

Da hannuna na ja wutar nan na zagaye masa kwari da ita.

Muka yi ta duka da rassan itace da jiƙaƙƙun buhuna, mutanen rugage suka fito, har la'asar. Abokina ya shiga ya koro maruƙan da wuta ta rutsa, ya fito hannuwansa sun saɓule. Injin ya ƙone ƙurmus, ban ko kalle shi ba. Kwarin ya zama baƙi ƙirin.

Ranar ko saniya ɗaya ba ta mutu ba. Bazara ce ta kashe su. Abokina ya kora su kudu neman abinci, gonaki da garkunan wasu sun riga shi. Mun kai masa dusa da harawa iya ƙarfinmu, amma garke ba a ciyar da shi da amalanke. Wasu ya sayar suna tangaɗi, wasu sai an ɗaga su da sanda, daga baya ko an ɗaga ba su tsayawa. Kafin ruwan farko ya sauka, igiyoyi ne suka rage masa.

Na je neman gafara ina kuka kamar yaro. Ya ce, "Ni na kira ka, aboki. Abin da Allah ya rubuta ne." Bai ƙara ba, har yau. Da ya zage ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Mahaifiyata ba ta sake ɗinka wa komai riga ba har ta rasu, ko da yake na sha gaya mata ba ita ta karanta littafin ba. Abin da ke ci na ke nan. Ba rashin sani ba ne. An rubuta mini, an kuma faɗa mini da baki, na ga na fi kowa sani.

Yanzu abokina jan shanun mutane yake yi a kasuwar dabbobi ta Dakoro. Duk ranar kasuwa in ya hango ni daga nesa sai ya ɗaga mini hannu, yatsun nan da wuta ta ci a ƙanƙame. Ni ban taɓa iya ɗaga nawa ba. Duk abin da nake yi sai in ajiye, in taka har inda yake, in tambaye shi ko lafiya.