Fartanyar Mai Lambu a Hannun Baba Arzika

Cikin shekarun da na yi ina aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ranar da ba ta taɓa barin raina ba ita ce wata Talata da damina, lokacin ina ƙaramin jami'i, ban fi shekara uku da kama aiki ba. Ku sababbin shiga, ku saurara, domin a ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kuma ni na jawo shi da hannuna.

Ga wanda bai san sashen ba, dokarmu ta farko ita ce ba a barin abu mai kaifi kusa da majinyaci. Ba reza, ba almakashi, ba igiya. Cokulan cin abinci ma sai an ƙirga su kafin a kwashe kwanuka. Kowace safiya bayan an sha magani, jami'i ɗaya yakan sa hannu a littafi, ya fitar da waɗanda jikinsu ya yi sauƙi, su zagaya harabar asibiti a layi ɗaya. Likita ne ya kawo tsarin, kuma muna ganin amfaninsa: masu fita sun fi samun barci, sun fi cin abinci, faɗa ma ya ragu a ɗakin.

Akwai wani dattijo da zan kira Baba Arzika, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Manomin gero ne. 'Yan bindiga suka far wa ƙauyensu, suka kashe babban ɗansa a gona, shi da sauran mutanen garin suka gudo. 'Yan'uwansa na cikin birni, a unguwar Ƙofar Marke, suka riƙe shi, da abin ya fi ƙarfinsu suka kawo mana shi. Ba ya magana, ba ya barci, motsi kaɗan sai ya zabura yana haki. A makonsa na farko wani abokin aikinmu ya dafa shi ta baya, Baba ya juyo ya kai masa naushin da ya fasa masa leɓe. Saboda haka aka rubuta a katinsa da jan biro cewa kada a taɓa shi ba zato.

Ni kuwa lokacin ina ji da kaina. Na ga tafiyar safe tana taimakon kowa, na ce shi ma za ta taimake shi. Na dami babbar jami'armu, Hajiya Metiron, har ta gaji ta ce, "Bello, ka dai hita da shi, amma in wani abu yaf faru, hannunka na ga littahi."

Kwana uku ina fita da shi, kullum abin ƙaruwa yake. Da an jera layi sai ya fara waiwaye, gumi na zuba, yana taka dugadugan na gabansa. Na ga haka da idona, amma taurin kai ya sa na ce sabo ne bai yi ba.

A rana ta huɗu muna wucewa bayan ɗakin wanki, inda ciyawa ta cika wani fili, sai na tsaya ɗaure wa wani majinyaci takalminsa. Da na ɗago na ƙirga mutanena, shida na gani maimakon bakwai. Na juya, sai ga Baba Arzika tsaye a tsakiyar filin, riƙe da fartanyar da mai lambu ya jingine ya tafi shan ruwa.

Mutumin da ya fasa bakin ma'aikaci da hannu kawai, yau ga shi da ƙarfe, idanunsa jajur, ƙirjinsa na hawa da sauka. Tsakaninsa da majinyatana bai fi taku goma ba, biyu daga cikinsu kuma ko gudu ba za su iya ba saboda nauyin magani.

Wata mai shara ta ƙwalla ihu ta ruga. Kafin in gama tura majinyatan bayan gini, masu gadi biyu sun iso, ɗaya da bargo, Hajiya na biye da su da allura a hannu. Ƙa'ida a irin wannan hali ita ce a lulluɓe mutum ta baya, a danne shi, a yi masa allurar barci, a kai shi ɗakin da ake kullewa.

"Wa yab ba shi abin ga?" in ji Hajiya.

"Ba kowa, Hajiya. Shi yaɗ ɗauka."

Mai bargon ya fara zagayawa ta bayansa. Nan jan biron nan ya faɗo mini a rai. Idan aka taɓa shi ta baya yana riƙe da fartanya, sai dai a ɗauki gawar wani. Na ce, "Don Allah, Hajiya, a dakata. Kak ku bi ta baya nai."

Baba ya ɗaga fartanyar sama. Na runtse ido ina salati.

Ƙarar da na ji ta ƙarfe ce a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na buɗe ido na gan shi duƙe, ya sare ciyawa ya jawo ta tsakanin ƙafafunsa. Ya sake sara, ya matsa gaba, ya sake. Hajiya ta ɗaga wa masu gadi hannu, muka tsaya kamar an dasa mu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san rigata ta jiƙe sharkaf. Ina kallon kafaɗunsa da kullum suke a ɗage suna sauka a hankali, numfashinsa ya koma bin saran, sara ɗaya numfashi ɗaya. Ko sau ɗaya bai waiwaya ba.

Da ya kai bango ya miƙe, ya share goshi, ya dube ni. Na matsa ta gabansa, hannuwana a buɗe. Sai ya yi maganarsa ta farko cikin mako biyar.

"Likita, wa ad da kalmen ga? Ruwa nai na rawa, a gyara mai ƙota."

Fartanyar yake nufi, ƙarfenta na rawa. Ya miƙo mini ita ta wajen ƙotar, yadda manomi ke miƙa wa ɗan'uwansa.

Takardar tuhuma kam na sha ta, kuma na cancanta, domin na ɗauke ido daga majinyaci. Amma likita ya zauna da mu ya ji bayani, ya amince Baba ya riƙa noma rabin awa kowace safiya, da jami'ai biyu a gabansa, ana kuma ci gaba da maganinsa. Fartanyar ta shiga lissafin cokula, ana sa hannu a fitar da ita, a sa hannu a mayar. Cikin 'yan makonni ya fara barci, ya fara bin sallar jam'i.

Ana gab da sallamarsa na tambaye shi abin da ya sa tafiyar safe ba ta karɓe shi ba. Ya ce, "Haka munka jeru ranar da munka baro gida, kwana biyu muna tahiya. In ni shiga layin ga naku, ji nikai 'yan bindigan na bayanmu. In ni duƙa kau, haki kaɗai nika gani."

Ciyawa yake nufi da haki. Motsa jiki yana dawo da hankalin mutum inda jikinsa yake, wannan gaskiya ne, na gani a mutane da yawa. Amma ni ɗan birni, ina tashi daga Arkilla in hau keke in zo aiki, sai na ɗauka motsa jiki iri ɗaya ne ga kowa. Kwana huɗu ina jera bawan Allah nan a layin gudun hijira, ina rubutawa a littafi cewa an fita da shi shan iska.

Shi ya sa har yau, kafin in sa sunan majinyaci cikin masu fita, sai na zauna da shi ko da danginsa na tambayi aikin da jikinsa ya saba da shi, da kuma abin da ya faru ranar ƙarshe da ya yi doguwar tafiya.