Mama Guduma da Ruwan Bayan Layin Dogo

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina zaune a ofis babbar 'yarki ta kira ni a waya. Ba ta ja zance ba, ta ce, "Yaya, Mama ta cika." Haka labarin rasuwarki ya same ni, malamata, farfesar ilimin ƙasa da duwatsu, wadda jami'a da ma'aikatar ruwa da kamfanin siminti duk suka sani da suna ɗaya, wato Mama Guduma.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma da na zauna rubuta wannan ta'aziyya, duk abin da na tuno game da ke sai in ji dariya ta taso mini. Na san ba za ki ji haushi ba, don ke ce kike cewa fuska a ɗaure ba ta ƙara wa mutum ilimi.

Sunan nan ba a banza aka laƙaba miki shi ba. Wasu matan turare da madubi suke sawa a jaka, ke kuwa gudumar fasa dutse ce a taki, mai baki ɗaya a faɗaɗe ɗaya a tsine. Ranar da na raka ki banki, ƙofar nan mai na'ura ta yi ta ihu ta ƙi buɗewa. Mai gadi ya leƙa jakarki, ya dube ki da mayafinki da tabaranki. Kika miƙa masa gudumar kika ce ya riƙe miki amana, kada ya bari ta ji yunwa. Mu kuwa ɗalibanki, ranar farko da kika fita da mu daji muka ga kin fasa dutse kin lasa, sai muka kalli juna. Kika bayyana mana cewa jiƙa dutse shi ke fito da ƙwayoyinsa a gani sosai, kuma harshe ya fi gorar ruwa kusa. Kafin shekara ta zagayo duk mun zama masu lasar dutse, har 'yan gayun cikinmu.

Da na gama karatu na samu aiki a ma'aikatar ruwa, na zo ina sunkuyar da kai don na san kin so in zauna a jami'a. Kika yi dariya kika ce daga yau sunana Ɗan Gwamnati, kuma dama kina neman wanda zai riƙa buɗe miki ƙofa a can. Ban gane nufinki ba sai daga baya.

A wancan lokaci zaman doya da manja ake yi tsakanin ɓangarorin nan uku. Mu a ma'aikata muna da taswirori a kulle cikin kabad, mai riƙe da mukullin kuma kullum ya tafi hutu. Ina faɗin haka ne a matsayina na ɗan gida. Kamfanin siminti yana ta haƙa ƙasa neman dutsen da yake buƙata, injinsa yana zaro dogayen sandunan dutse daga can ƙarƙashi, gaɓa-gaɓa kamar rake, a duba abin da ake so, sauran a watsar a bayan yadi. Ɗaliban jami'a kuwa a hoto suke ganin irin waɗannan duwatsu. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa kallon hadarin kaji: malaman jami'a su ce 'yan kamfani ba su san komai ba sai riba, 'yan kamfani su ce malamai surutu kawai suka iya, dukansu kuma su haɗu su ce mu 'yan ma'aikata barci muke.

Ke kika ƙi yarda da wannan. Kin yi shekaru kina zarya, kin zauna a kan bencin jiran kowane babba har masinjoji suka saba da ke. Da zaman benci ya ishe ki, sai wata rana kika shiga bayan yadin kamfanin da motarki, kika buɗe but, kika fara lodin sandunan dutsen da aka zubar. Manaja ya fito a guje yana tambayar wa ya ba ki izini. Kika ce, "Ranka ya daɗe, shara nake kwashe maka, godiya ya kamata ka yi." Bawan Allah sai ya sa aka kawo miki kujera. Daga wannan kujera aka fara maganar da ta kai ga yarjejeniya: kamfani zai riƙa jera duwatsun a akwatuna ya miƙa wa jami'a, jami'a ta yi nazari ta faɗi inda ruwa yake kwance, ma'aikata ta haƙa rijiyoyin burtsatse.

Aikin farko shi ne na unguwar bayan layin dogo. Rijiyoyinsu sun ƙafe, famfo bai taɓa kai musu ba, mata da yara sai sun tsallaka layin jirgi da jarkoki kafin a ɗora tukunya. Kamfani ya haƙa ramin gwaji a kusa da su, ya tarar da shimfiɗar yashi mai ɗauke da ruwa da kuma shimfiɗar yumɓu mai kauri. Muka yi ta murna, muna ganin an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Rahoton kamfani ya ce yashin yana ƙarƙashin yumɓu, wato yumɓun ya rufe shi ya kare shi, ruwan mai tsabta ne. Rahoton jami'a, wanda mataimakanki suka haɗa kika sa hannu lokacin da ciwo ya fara taɓa ki, ya ce yashin yana saman yumɓu, don haka duk ƙazantar kwatoci da masai na unguwar tana iya tsiyaya ciki, bai kamata a sha ba. Rami ɗaya, dutse ɗaya, magana biyu. Aka shiga aika wa juna takardu masu zafi. Injiniyan kamfani ya ce ba zai ƙara ba jami'a ko tsakuwa ba. Daraktanmu ya ce ba zai saka hannu a haƙa wa jama'a ruwan da ake gardama a kansa ba, kuma gaskiyarsa ne. Ya umarce ni in shirya takardar janye ma'aikata daga yarjejeniyar. Da ta fita, mutanen bayan layin dogo da sun ci gaba da tsallaka layi har illa masha Allahu.

Na kira ki kina hutun jinya na faɗa miki. Kika tambaye ni abu ɗaya: a cikin masu rubuce-rubucen nan, akwai waɗanda suka taɓa tsayawa tare a kan akwatunan? Na ce babu, kowa a ofishinsa yake. Kika ce to a kira taro, amma ba a ɗaki mai sanyi ba, a siton duwatsu na jami'a.

Ba zan manta da wannan taro ba. Sito ne mai rufin kwano, babu kujera ko ɗaya, akwatunan katako a jere a kan dogayen tebura. Darakta ya zo da farar riga mai sitaci yana tattare ta, Manaja da takalminsa mai sheƙi, Injiniya da fuska a murtuke. Kika iso a makare kina dogara sanda, kika bi akwatunan a hankali kina shafawa, kika jiƙa wata gaɓa kika daɗe kina dubawa. Sannan kika ciro gorar roba, kika zuba tsakuwa da yashi da laka da ruwa, kika miƙa wa Darakta kika ce ya girgiza iya ƙarfinsa. Ya girgiza har hularsa ta karkace. Aka ajiye gora, muna kallo tsakuwa ta fara kwantawa a gindi, yashi ya biyo, laka ta zo a ƙarshe ta zauna a sama. Kika ce haka kowane kogi yake shimfiɗa kayansa tun da aka halicci duniya, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Daga nan kika nuna mana sandunan dutsen yadda suke a jere: manyan ƙwayoyi a sama, ƙanana a ƙasa.

Kika ce, "Jama'a, ko dai Allah ya sauya tsarinsa a bayan layin dogo kaɗai, ko kuwa mu ne muka karanta ƙasa a juye. Ni dai na fi zargin mu."

Abin da ya faru ba wani abu ba ne. Kamfani yana rubuta alamar sama da ƙasa a jikin murfin akwati. Da aka kawo su jami'a aka cire murafen don wanke duwatsun, aka mayar da murafen kai ya koma ƙafa. Mutanenki suka bi alamar murfi da zuciya ɗaya. Kika juya ga Injiniya kika ce shi ne da gaskiya, jami'a ta yi kuskure, kuma sa hannunki ne a kai, kada a nemi kowa. Mataimakanki da suka tsaya a bango kamar an zare musu laka suka samu suka yi numfashi. Injiniya, wanda ya zo da shirin faɗa, sai ya kama sosa ƙeya yana cewa ai su ma da laifinsu, a jikin akwati ya kamata su sa alama, kuma da sun ba da bayanan haƙar da suka riƙe a matsayin sirrin kamfani da ba a kai nan ba. Darakta ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce shi kuwa laifinsa shi ne bai taɓa sanin inda siton yake ba sai yau. Ban taɓa ganin manya uku suna rige-rigen karɓar laifi ba sai ranar.

A nan kika kafa dokar da muke bi har yau: ba a fitar da rahoto sai mutumin kamfani da na jami'a da na ma'aikata sun tsaya tare a kan akwati, kowa ya taɓa dutsen da hannunsa. Gani ya kori ji. Takardar janyewa kuwa ban ma ƙarasa bugawa ba.

Aka kai injin haƙa zuwa unguwar, aka huda yumɓu aka shiga yashi. Lokacin kina kwance a asibiti, jiki ya yi nauyi, amma duk wanda ya je dubiya sai kin tambaye shi ina aka kai. Ranar da ruwa ya ɓullo, bayan ɗakin gwaji ya tabbatar da tsabtarsa, mu uku muka je miki da shi a kwalba, ni da Injiniya da babban mataimakinki. Maigidanki ya tallafe ki kika kurɓa, kika juya shi a baki, kika haɗiye. Kika ce, "Ɗan Gwamnati, akwai ɗan ƙarfe kaɗan, a sa abin tacewa. Amma ruwa ne, wallahi ruwa ne." Kika yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu rage hayaniya. Wannan ne ganina da ke na ƙarshe.

Washegarin jana'izarki, muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga mata sun ɓullo daga kan kwana a jere, kowace da jarka a ka. Mutanen bayan layin dogo ne. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarki ba. Babbarsu ta durƙusa gaban maigidanki ta ce, "Baba, ba mu da abin kawowa sai wannan. Nata ne." Suka cika randuna da bokitai da tankin gida, wasu na tafiya wasu na zuwa, har maigidanki ya miƙe yana roƙonsu su dakata don babu sauran mazubi. Yana roƙo yana dariya, hawaye na zuba a gemunsa. Duk wanda ya zo gaisuwa a kwanakin nan, wannan ruwa ya sha, da shi kuma ya yi alwala ya yi miki addu'a.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka haskaka kabarinta ka yalwata shi. Ka sanya kowane ɗigon da aka sha a bayan layin dogo ya zama sadaka mai gudana a gare ta, ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba maigidanta, da 'ya'yanta da jikokinta, da 'yan'uwanta, da ɗalibanta na jami'a da na kamfani da na ma'aikata. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya albarkaci abin da ta bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.