Baba Idirisu, Mai Riga Kogi Sammako

Duk shekara, ranar Asabar ta farkon watan Yuni, Baba Idirisu yakan fito daga sallar asuba ya wuce gida, ya ɗauko wani teburin ƙarfe mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ya kai shi gindin darbejiyar da ke bakin filin ƙwallonmu na Aljirif, a gefen birnin Khartum. Ya tokare ƙafar da ɓarin tubali, ya shimfiɗa takardu ya danne su da dutse, ya ajiye biro da ɗan gwangwanin tawadar dangwale. Yana zaune har rana ta ɗaga. Daga nan sai ya bar wa Fatna mai shayi amanar teburin, ya gangara bakin kogi wurin aikinsa na kamina, inda ake jera ɗanyen tubali a cinna masa wuta. Da la'asar ya dawo, hayaƙi ya jajanta masa ido, ya sake zama har magariba. Haka zai yi ta yi kullum har watan ya ƙare.

A lokacin kuwa babu ko ƙamshin ƙwallo. An rufe kakar wasa tun Afrilu, ragar gola tana naɗe a ƙarƙashin gadonsa, awaki ne ke kai gwauro suna kai mari a tsakiyar fili. Hukumar ƙwallo ba ta buɗe tasjil, wato rajistar 'yan wasa, sai Nuwamba. Saboda haka duk wanda ya wuce sai ya taɓa shi.

"Baba Idirisu, an fara wasa ne ba a gaya mana ba?"

"Zo ka faɗi sunanka ka wuce, ya zol. Ban da lokacin surutu."

Shekara goma sha bakwai ke nan yana wannan zama a matsayin sakataren Nadin Zumunta, kulob ɗin unguwarmu. Bana ya ce shi ne na ƙarshe, don idanunsa sun ƙi. Ni da nake wannan rubutu sunana Abubakar Sadiq, na tsare wa nadin gida shekara tara kafin in koma koyarwa a wata firamare a Soba, can kudu da Khartum, kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa yi masa dariya. Shi ya sa nake ganin wajibi ne in faɗi abin da na sani.

Ga abin da teburin nan yake tarewa. Kulob ɗin da ya yi kaka biyu a jere bai kai katin 'yan wasa goma sha takwas ba, share sunansa ake yi. Filin da babu kulob a kansa kuwa, a idon masu rabon filaye kango ne kawai. Mun gani da idonmu a unguwanni biyu da ke kusa da mu: da safe a zo da igiyar awo da turaku, kafin shekara ta zagayo benaye sun tashi a inda ake buga kwana. Filin nan shi kaɗai ya rage mana. Nan ake sallar idi, nan ake kafa rumfar biki da ta makoki, nan yaranmu suke gudu ba tare da mota ta bi ta kansu ba.

To me ya sa Yuni? Saboda kogi. Da zarar Yuli ya kama, ruwa yakan cika ya haɗiye wuraren tubali, aiki ya tsaya cak. Samarinmu da iyayensu maza sai su hau lori, wasu Jazira, wasu Gadarif, noman ridi da yankan dawa, ba a sake ganinsu sai Disamba. Su kuma mutanen ofis mako ɗaya tak suke buɗe ƙofa a Nuwamba, lokacin da duk mai iya buga ƙwallo a unguwar nan yake sunkuye a gonar wani. Ba wanda ya tsara haka don ya cuce mu. Kawai dai ba wanda ya tuna da mu ne lokacin da ake tsarawa.

Ba da wayo Baba Idirisu ya fara ba, da kuskure ya fara. A shekarar 1991 aka ba shi sakatare, ya jira Nuwamba kamar kowa. Da aka miƙo masa takardu sai ya ga ana son suna huɗu ga kowane ɗan wasa: naka, na ubanka, na kakanka, na uban kakanka, daidai da yadda suke a takardar shaidarka. Mu kuwa duk muna gona, kowa da takardarsa a aljihu, don a shekarun nan ba mai hankalin da zai bi hanya da shingayen sojoji babu takarda. Sai ya shiga gida gida yana tambayar iyaye mata. Mahaifiyata, Hajja Mariyamu, har yau tana ba da labarin zuwansa.

"Hajja, sunan ɗanki nake so, cikakke."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba Idirisu, kai ma? Yayan su Talatu mana."

"To na ubansa."

"Mai gidan nan."

"Kakansa fa?"

"A'uzubillahi! Surukin nawa zan kama wa suna a tsakar gida? Ma'alesh, yi haƙuri, sha shayinka."

Ni ɗan fari ne, kuma rabin 'yan wasanmu haka suke. Shi ma Bahaushe ne, ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle na miji da na suruki. Amma kwana uku suka rage masa, sai ya zauna ya cike takardun da abin da kunnensa ya saba ji. Ya rubuta Nagoggo, ya rubuta Gajere, ni ya rubuta Sadiku. A wurin iyaye ya sa Malam Ƙarami da Alhaji Na-Sinnar. Inda ya rasa kakan mutum, sai ya ɗora Mohammed, a cewarsa ba a rasa Mohammed a kowane gida.

Da muka dawo aka gwada katunan da takardunmu, sai ga Dauda ya zama Dawud, Sale ya zama Salih, Nagoggo kuwa ashe Abdullah ne, abin da ko abokansa ba su sani ba. Kati goma sha huɗu cikin ashirin aka watso masa. Ma'aikacin da ke bayan tebur ya ɗaga na Gajere yana nuna wa abokan aikinsa, ya ce, "Wannan sunan mutum ne ko na akuya?" Ina tsaye a bayan Baba Idirisu a ranar. Ya durƙusa ya tsince katunan daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowanne a jikin rigarsa. A motar da ta dawo da mu daga cikin Khartum magana ɗaya ya yi: "Daga yau kowa da bakinsa zai faɗi sunansa, kuma kafin kogi ya cika." Shekarar nan ba mu buga wasa ko ɗaya ba.

Tun daga lokacin tsarinsa bai canza ba. Ka zauna, ka fito da takardarka, ka faɗi sunayenka huɗu da ƙarfi, ya duba harafi bayan harafi, ka dangwala yatsa. Ranar Juma'a ya kawo mai hoto daga kasuwa, a rataya zani a jikin darbejiya, a ɗauki kowa kwafi biyu. Wanda ba shi da takardar haihuwa, Baba Idirisu ne zai bar aikinsa ya raka shi wurin likitan da ke ƙiyasta shekaru, su wuni a layi. Na taɓa ganinsa ya bi lori da gudu da gwangwanin tawada a hannu, saboda wani ɗan bayanmu ya manta bai dangwala ba. Aka miƙo hannun ta saman ƙarfen lori, ya danna yatsan a takarda, mota na tafiya.

Akwai abin da Fatna mai shayi ta gani wanda ni ban gani ba. A 1997, lokacin da kamen da ake kira kasha ya yi tsanani, ana tare motoci ana kwashe samari zuwa aikin soja na dole, Nagoggo ya yi rajista a Yuni, ya hau lori a Yuli, aka sauke shi a wani shinge. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai jita-jitar an kai su Kudu. Uwarsa Laraba ta rasa inda za ta dosa, don duk ofishin da ta je suna huɗu ake tambaya, ita kuma bakinta ba zai iya ba. Baba Idirisu ne ya ɗauki takardar rajistar ya riƙa binta ofis ofis, daga Khartum zuwa Umdurman, wata bakwai, shi ne bakinta. Ba a dace ba. Ranar da suka haƙura, ta zo gindin darbejiya ta durƙusa a gefe. Ya buɗe jakarsa ya ciro kwafin hoton na biyu ya ba ta, ashe duk duniya shi ne kaɗai hoton yaron. Ta juya bayansa ta ga rubutu, ta ce, "Karanta mini." Ya karanta sunayen huɗu a hankali. Ta ce, "Shi ne." Fatna ta ce ranar ba ta iya sayar da shayi ba, rufe tukunya ta yi ta tafi gida.

Baba Idirisu, kai ne ka san sunan kakan kowa a unguwar nan, har waɗanda jikokinsu suka manta. Kai ne aka yi wa dariya sau ɗaya a ofis, ka hana a sake yi wa ɗan wani. Ba ka taɓa buga ƙwallo ba, an ce ko a yarinta ba ka iya ba, kuma har yau ba ka gane satar gida ba duk bayanin da muka yi maka. Lokacin da muka ci kofin yanki aka ɗauki hoto, kana gefe riƙe da takalman mutane, kafaɗarka kawai ta fito. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai ban taɓa jin wani daga cikinmu ya ce maka sannu ba, har da ni.

Bara aka yi masa aikin ido, ya kwanta watan Yuni gaba ɗaya. Kwamitin nadi, mutum tara masu manyan rawuna, suka ce ba komai, ai sai Nuwamba. Nuwamba ta zo, suka tattaro kati goma sha ɗaya. Kaka ɗaya ta tafi ke nan. Cikin watan Maris aka ga wasu mutane da farar mota suna zagaya filin, ɗaya yana auna shi da taku.

Shi ya sa bana ya sake fitowa, duk da likita ya hana shi rana da ƙura. Ba ya ganin layin takarda yanzu. Kowa da hannunsa yake rubutawa ya karanta masa, shi kuma ya gyara daga ka: "Kakanka Adam ne a takarda, ba Adamu ba, goge." Amma samarin yanzu sun yi ƙaranci a gindin bishiyar. Wasu sun tafi aikin gini, wasu sun fi son su zauna gaban talabijin su kalli Turawa suna bugawa, in ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. Ban ga laifinsu sosai ba. Kowa ya gaji, shekarun nan sun tatse mu duka.

Ranar Alhamis ta ƙarshen Yuni na je wurinsa da littafina, don in yi masa tambayoyin wannan rubutu. Washegari bayan sallar Juma'a lorin farko zai tashi. Ya gane ni da murya.

"Sadiku, ƙirga mini takardun nan."

Na ƙirga. "Sha bakwai, Baba."

"Sake dai."

Na sake, ba su ƙaru ba. Muka zauna muna kallon hanya, shi yana kallon inda yake jin takun mutane. Ba wanda ya ratso. Can ya ce, "Takardarka tana jikinka?"

"Baba, shekarata talatin da takwas. Gwiwar nan tun da ta goce ko ruku'u ba na iyawa."

"Ban tambaye ka gwiwa ba. Faɗi sunanka."

Na faɗa, duka huɗun, da ƙarfi, kamar ɗan makaranta. Ya laluba ya miƙo mini biro na rubuta, ya kama babban yatsana da kansa ya danna a tawada. Da na gama na miƙa masa biron, sai ya naɗe hannuwansa a ƙirji.

"Riƙe. Halas, shi ke nan, na gaji, ɗana."

Na so in ce ina da aji, ina da iyali, Soba da nisa. Duk gaskiya ne, kuma shi ma yana da irinsu shekara goma sha bakwai.

Mun gode, Baba Idirisu. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya idanun da hayaƙi da ƙananan haruffa suka cinye saboda 'ya'yan mutane. Ka huta, ka yafe mana dariyar da muka yi.

Ku kuma samarin Aljirif da ba ku hau lori ba, da ku iyayen da kuke da bakin tura su, ban ɗauke teburin ba, kuma ba zan ɗauke ba har Nuwamba. Sha takwas cif muke, ko kati ɗaya aka watso mana shi ke nan. Ku zo da takardunku bayan la'asar. A yau abin da ya tsaya tsakanin filinmu da turakun masu awo shi ne mai tsaron gida guda ɗaya, wanda a zaune yake sallah.