Jirgin da Fuseni ya sa wa takalmi

Ranar Asabar ce, kwana biyu bayan Sallar layya, shekarar da na shiga aji huɗu. Ina tsaye a bakin rafin Aboabo, bakina duk maiƙon soyayyen nama, hannuna riƙe da jirgin sama na wasa guda ɗaya tak da ke cikin unguwarmu ta Akwatialine gaba ɗayanta. Kawuna direban babbar mota ne ya kawo mini shi daga Abijan. Ɗan ja ne mara nauyi, ka murɗa farfelarsa har robar ciki ta ɗaure, ka sake shi ya tafi. Saboda shi yaran gidanmu suke ɗebo mini ruwa a famfo, su wanke mini tukwanen waken da Mma, mahaifiyata, ke sayarwa, don dai in bari su taɓa.

Burina jirgin ya tsallake rafin, tsorona kada ya nutse. Sai Fuseni, abokin zamana a makarantar allo, wanda bai taɓa ba ni ko ɓawon lemu ba, ya zo da tsohon silifa, wanda muke kira calewate, ya riga ya yanka shi gida biyu, har da zare a aljihu. Ya ce in muka ɗaura wa jirgin a ƙarƙashinsa, ko ya faɗa ruwa ba zai nutse ba. Na dube shi, na dubi zaren. Yaushe ya shirya duk wannan? Kuma ina ƙannensa biyu da kullum suke manne da shi? Ya ce an aike su can unguwar Adum. Ana cikin bikin Sallah, aike!

Duk da haka na yarda. Jirgin da ke wuce rufin masallacinmu, ranar ko rabin rafi bai kai ba, nauyi ya ja hancinsa ƙasa. Fuseni bai yi ƙarya ba, bai nutse ba. Ruwan ko gwiwata bai kai ba, da ya nutse da na shiga na lalubo abina. Amma ya zauna a kan takalmansa kamar agwagwa, ruwa ya tafi da shi can ƙasa, wajen unguwar su Fuseni. Da yamma na ga ƙannen nasa, wandunansu jiƙe sharkaf. Suka ce alwala suka yi.

Na zaga Legas, Yamai, Wagadugu, na ga 'yan damfara iri-iri, ban taɓa samun hujja a kan Fuseni ba. Har yau tare muke shan shayi a unguwar Krofrom.

Makon jiya ɗan ƙanwata Rashidu, mai ɗaukar hoton biki, ya zo yana ɗaura wa jirginsa mara matuƙi robobin ruwa, wai zai tashe shi a kan tafkin Bosomtwe. Na ce nauyi zai cinye masa batir, iska ta kama robobin, in kuma ya faɗa, ruwa ya riga ya shiga injin. Sannan na tambaye shi, "Wa ya ba ka wannan dabara?"

"Ɗan Baba Fuseni, Kawu. Ya ce ma zai raka ni."

Na ce ya je, amma ya fara ƙirga ƙannen yaron. Rafin namu yanzu leda ta cike shi, ba yaron da ke wasa a bakinsa. Ni dai in na bi ta gadar rafin, har yau can ƙasa nake dubawa.