Faifan Baba a Liwan

Da zan tafi Guangzhou sarin kaya bara, babbar yayarmu ta damƙa mini wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu. A cikin littattafan marigayi Baba ta tsince shi.

Ta ce, "A Kano an rasa mai buɗe shi. Tunda can ake ƙera komai, ka gwada."

Kwana biyu ina zaga kasuwar kayan lantarki ta unguwar Liwan. Duk inda na nuna faifan sai a yi murmushi a ce "meiyou", wato babu. Wani abokina ɗan Kumasi mai tura kaya ne ya kai ni wurin wani dattijo mai gyara a hawa na uku.

Dattijon ya jujjuya faifan, sannan ya yaye ƙyalle daga kan wata kwamfuta. Irin wadda Baba ya saya ce bayan ya ajiye koyarwa: launin madara ya soma komawa rawaya, allo mai ƙatuwar ƙeya, akwatin a kwance a ƙarƙashinsa da 'yar tsaga a gaba.

Dattijon yana magana, abokina na fassara. Ya ce a da kwamfuta ɗaki guda take cikawa. Da aka zo yin ta gida sai aka kwantar da akwatin, allo ya hau kansa, don ƙaramin tebur ya ishe ta. Noti huɗu za ka kwance ka canja abin da ya lalace.

Ya zura faifan. Kwamfutar ta daɗe tana gurnani kafin rubutu ya bayyana. Na zaci tarihin garinmu ne, wanda Baba ya sha cewa zai rubuta. Ashe layi shida ne kacal, ɗaya ga kowannenmu, mu 'ya'yansa. Da yake madannan kwamfutarsa ba su da ƙ da ɗ, waƙafin sama Baba ya riƙa sawa a gefen harafin. Nawa ne na ƙarshe: "Auta ba ya iya zama wuri d'aya. Kada a hana shi tafiya."

Baba ne ya fi kowa faɗa da yawona.

Dattijon ya kalli fuskata, ya miƙo mini shayi, ya koma ga aikinsa. Na ɗauki hoton allon na tura gida. Ban kai bakin titi ba Yaya ta kira, ta ce in karanto mata nata, idonta ya kasa gani don hawaye.