Akawun Da Ya Ɗauki Fata A Ka

Ranar wata Lahadi ta kasuwar Illela, a bazarar shekarar da aka fara ganin rufin kwano a garinmu, idona ya sauka a kan fararen takalman Akawu Yusufu. Ina 'yar shekara tara, na ɗauko wa Baba furarsa a ka, sai na hangi ƙafafun nan suna ratsa kashin awaki da ɓawon gyaɗa kamar ba ƙasa suke takawa ba. Na ɗaga ido na ga dogon mutum, wankan tarwaɗa, da farin wando da malafar Turawa. A raina na ce ga ɗan sarkin tatsuniyar Kaka ya sauko garinmu. Kallon da na tsaya yi ya sa rabin furar ta zube a zanena.

Mutumin Lakwaja ne, Kirista, wani kamfanin Turawa ya aiko shi sayen fatar jar akuya. Ba ya ciniki ranar Lahadi, ko da yake ita ce ranar kasuwa. Da safe a ji shi yana waƙar ibada shi kaɗai a ɗakinsa, da hantsi ya zaga kasuwa yana gaisawa da mutane, sai Litinin ya rataya sikeli.

Mu kuwa jimar fata muka gada. Gidanmu yana can ƙarshen gari saboda wari, tsakar gida cike da tukwanen jiƙo da fatu a shanye ƙarƙashin rumfa. Idan na dawo daga makarantar allo, ni ke dakan bagaruwa, ni ke jido ruwa, ni ke korar karnuka da angulaye. A dandali kuwa, da na shiga gaɗa sai 'yan mata su toshe hanci su ce warina ya riga ni isowa. In na koma gida da kuka, Baba ya ce, "Bari su, Dije. Hannun da ka wari shi ka cika tukunya." Kowane ɗaurin fatarsa da igiyar kaba yake ɗaure shi, ƙulli uku a jere. Daga Konni har Sakkwato ba mai kwance ƙulli ukun nan don ya duba abin da ke ciki. Ba mu da shanu, ba mu da babbar gona. Wannan yardar ita ce dukiyarmu.

Da farko Akawu yakan zo gidanmu, ya zauna a tabarmar Baba, ya sha fura, ya tambayi sunan kowane abu. Sai ciniki ya buɗe masa, aka ɗaga shi ya zama babban wakilin kamfani a duk bakin iyaka. Ya sayi keke, ya gina sito mai rufin kwano da ke ƙyalli tun daga hanyar Amarawa. Gaisuwarsa ta koma ɗaga hannu daga kan keke. Da damina ta kusa, Baba ya ga ya jibge fatu a kan tabarmi a daɓen sito, ya ce masa, "Akawu, ƙasar wurin ga ta gara ce. Ka kafa gadon itace, ka zuba toka ƙarƙashi." Akawu ya yi murmushi ya ce kamfani yana da littafin da ya tsara ajiyar fata, kuma ba a rubuta toka a ciki ba.

Bayan ruwa ya sauka Baturen kamfani ya zo daga Sakkwato. Aka kwance ɗaurin da ke can ƙasa, wato na Baba, don shi ya fara kawo kaya, aka tarar fatun sun zama rariya. A gaban Bature da dillalai Akawu ya ce haka majemin ya kawo masa su. Nan take aka ce kada a sake sayen ƙulli uku, aka jefar da ɗaurin a bayan sito. Kafin kasuwa ta zagayo, fataken Konni sun fara kwance igiyar Baba a gabansa suna ɗaga fata ɗai-ɗai a rana. Baba ya daina cin tuwo. Inna ta fara ɗaure kwanukanta, tana cewa sai dai mu koma Lafani mu yi noma a gonar Kawu. Ni kuwa na tsani fararen takalman nan kamar yadda na taɓa son su.

Daga baya muka ji abin da ya faru. Akawu ya ɗaga tabarmin sito don a share, sai ya ga hanyoyin gara sun zana daɓen kamar jijiyoyin ganye. Ba wanda ya gani sai shi, kuma tsintsiya ɗaya ta isa ta rufe maganar. Ya zauna ya rubuta wa Bature gaskiya.

Lahadin da ta biyo, kasuwa ta cika maƙil, ina zaune kusa da Baba a rumfarsa da ba kowa, sai hayaniya ta mutu daga wajen 'yan goro. Ga Akawu tafe ba malafa, ba takalmi, ruɓaɓɓen ɗaurin nan a kansa, ruwan fata yana gangarowa a farar rigarsa, ƙudaje na bin sa. Ya ratsa kasuwar ta tsakiya, ya sauke kayan a gaban Baba, ya durƙusa.

Baba ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Mi kaka yi haka, Akawu? Tashi, mutane na kallo!"

Ya ce, "A gabansu na ɓata sunanka, Baba, a gabansu zan mayar maka. Jama'a, garar sitona ce ta ci fatun nan. Ya gargaɗe ni, na raina shi don ba ya karatu. An koya mana cewa Almasihu da kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa. Ni kuwa keke ɗaya ya sa na manta."

Wani tsohon mahauci ya ce, "To, Akawu, yau ka shiga dangi, ka ji warinmu!" Aka kwashe da dariya, Baba ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya ce in kawo ruwa. Ni na zuba masa ya wanke fuska. Sai fataken Konni biyu suka matso, suka ɗauki sabon ɗaurin Baba ba tare da sun taɓa igiyar ba. Inna ta kwance kwanukanta.

Kamfani bai yafe masa ba, aka ba wani wakilcin, aka karɓe keken. Bai koma Lakwaja ba. Ya kafa tebur a gindin wani gawo yana rubuta wa mutane wasiƙa, yana koya wa masu so boko, har furfura ta rufe shi. Da ya rasu, ba danginsa ko ɗaya a kusa, majema ne suka haƙa masa kabari a gefen hanyar Amarawa, Baba a gaba, da sandarsa.

Yau Illela ta cika da babura da benaye da masu manyan riguna, gawon ma an sare shi. Nakan zauna a ƙofar gida ina kallon takalma masu ƙyalli suna wucewa, ba sa ko tsayawa gaisuwa. Na ga ado iri-iri a duniyar nan, amma ban ga rigar da ta kai waccan mai dattin kyau ba.